Baƙin man injin jirgi: a zuba shi jarka, a bar mana gulbi

Jama'a masu karatu, musamman ku iyayenmu mata na kasuwa da ƴan uwa masu fatauci, yau maganarmu a kan baƙin mai take, wato tsohon man da ake fiddawa daga injin jirgin ruwa ranar juye, abin da makanikanmu ke kira bidanji. Sanin kowa ne duk man da aka ɗura wa inji sai wata rana ya fito. Mai jirgi ya saye shi garau kamar zuma, bayan ƴan makwanni ya fidda shi baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Ranar saye kowa na gani, har da ciniki da rantse-rantse. Ranar fiddawa kuwa ba mai tambayar inda ya tafi, alhali inda yake tafiyar nan ya shafe mu duka.

Mun san wani Bamaraɗe ko Badamagare zai ce, mu da ko gulbi mai gudu duk shekara ba mu da shi, ina ruwanmu da injin jirgi? To Alhaji, dubi kayan da ke rumfarka tukuna. Kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, tsawonsa ya kai wajen kilomita 4,200, kuma kimanin 550 daga ciki a ƙasarmu suke, tun daga iyakar Mali har ƙasar Gaya. Kasuwar Ayoru ta ranar Lahadi tun kaka da kakanni da jirage take ci. Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a ƙarshen watan Yulin 2023, mutane da kaya sai suka koma fito, kwale-kwale ya ɗauki aikin da kamyo ke yi: buhunan masara da garin rogo da doya da ɗaurin atamfa suka dinga ƙetarowa ta ruwa, albasa ta dinga ƙetarawa. Bandar da ake kasawa a Kasuwar Dole ta Damagaram, mai yawa daga cikinta jirgi ya fiddo ta daga tafkin Cadi kafin mota ta ɗauka. Saboda haka ko mutum bai taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba, dukiyarsa ta shiga, kuma kifin da ke cikin miyarsa a ruwan nan ya girma.

Bari mu fara da bambance injunan, domin ba duka ake yi wa juye iri ɗaya ba. Waɗanda ake ratayawa a gindin kwale-kwale, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, yawancinsu masu bugu biyu ne: ana gauraya musu mai cikin esansi su ƙone shi tare. Ma'aunin da aka fi sani shi ne kashi 1 na mai cikin kashi 50 na esansi, wato rabin lita ke nan a tanki mai lita 25. Irin wannan inji ba shi da man da ke kwance a cikinsa balle a juye, shi ya sa masu shi da yawa ke cewa su ba ruwansu da bidanji. Sun manta da ƙafar injin, can ƙasa inda farfela take. A nan akwai ƴar ma'ajiyar man giya, mai kauri, wanda a ƙananan injuna bai kai rabin lita ba, kuma shi ma yana da ranar canji. Sai injin rataye mai bugu huɗu, wanda ke shan esansi zalla kamar mota, mansa na kwance daban, lita 1 zuwa 2 a masu matsakaicin ƙarfi. Sai kuma manyan jiragen dakon kaya da aka dasa wa injin gazuwal na mota ko na kamyo a cikin cikinsu. Waɗannan su ne manyan masu cin mai, daga lita 5 har sama da 10 a juye guda, gwargwadon girman injin.

Takardun da ke zuwa tare da sababbin injunan rataye masu bugu huɗu galibi sun ce a yi juyen farko bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma duk bayan awa 100. Awa 100 a kunne kamar abu mai nisa. Amma ɗan fiton da injinsa ke aiki awa 5 a yini, cikin kwana 20 ya cika ta. A shekara ke nan ya yi juye wajen sau 18, in yana kula da injinsa yadda ya kamata. Ku ninka wannan da yawan jiragen da kuke gani a tasha guda ranar kasuwa, za ku gane cewa ba ƴan ɗigo muke magana a kai ba.

To yaya ake fidda man a yawancin tashoshinmu? A babban jirgi injin na zaune ne can ƙasa, dab da katakon gindi, kuma notin juye a ƙarƙashinsa yake, inda ko kwano ba ya shiga. Sai yaron jirgi ya miƙa hannu ya kwance notin, man ya malale a ƙasan jirgin, ya haɗu da ruwan da kullum ke tsattsafowa ta tsakanin katakai. In an jima shi dai yaron ya ɗauki yankakkiyar jarkarsa ya kwashe duka ya watsa gulbi, kamar yadda yake kwarfe ruwa kowace safiya. Mai injin rataye kuma sai ya ɗaga ƙafar injin sama kaɗan, jirgi na kan ruwa, ya kwance noti, man giya ya tsiyaye kai tsaye. Wanda ya ɗan ji nauyi shi ne mai tarawa a gwangwani ya je ya kifar a yashin bakin gaɓa, ya ce ai ƙasa ta shanye. Ba mugunta ce ke sa su ba. Haka suka tarar ana yi, kuma ba wanda ya taɓa aje musu wurin zubawa.

Ku ƴan kasuwa ku ne farkon masu asara, tun kafin a zo maganar kifi. Man da ya malale a ƙasan jirgi ba ya fita duka da kwarfa, yana shiga katako ya zauna. In aka yi lodi, buhun da ke ƙasa shi ke kwanciya a kai. Shinkafa da gari da sukari abubuwa ne masu ɗaukar wari, buhun leda kuma ba ya tare shi. Duk wadda ta taɓa buɗe buhun gari a kasuwa ta ji yana warin gareji ta san yadda cinikin ranar ke ƙarewa: ko ta karyar da shi, ko ta gauraya da mai kyau ta ɓata sunanta wurin masu saye. Mai jirgi ya riga ya karɓi kuɗin fitonsa ya juya.

Alhali kuwa hanyar fidda man ba tare da ɗigo ya taɓa ruwa ba sananniya ce, kuma ba ta da wuya. Da farko a tada injin ya yi aiki minti 5 zuwa 10, domin mai mai ɗumi ya fi gudu, kuma dattin da ya kwanta a ƙasa zai tashi ya biyo shi. A kashe, a ɗan jira kada ya ƙona hannu. Ga injin da ke cikin jirgi, ba sai an taɓa notin ƙasa ba sam. Akwai ɗan famfon hannu mai siririn tiyo, ana zura tiyon ta ramin sandar gwajin mai har ya taɓa ƙasa, ɗaya bakin kuma a sa shi cikin jarka, a dinga bugawa har man ya ƙare. Ko'ina a duniya haka masu jiragen ruwa ke yi, saboda matsalar rashin wurin sa kwano ba mu kaɗai ke da ita ba. Famfo guda ya ishi tasha guda, a dinga aronsa ko hayarsa kamar yadda ake hayar baro. Matacin mai kuma, in an kwance shi, cike yake da baƙin mai: a sa masa leda tun wurin kwancewa, a kife shi a bakin mazurari ya kwana yana tsiyaya, kada a wurga shi ruwa kamar yadda ake wurga ƙwallon mangwaro.

Injin rataye ya fi sauƙi ma, tunda yawancin masu shi kullum dare sai sun ciro shi sun kai gida don gudun ɓarayi. Ranar juye sai a rataya shi tsaye a jikin katako, a kan tudu nesa da ruwa, a shimfiɗa leda, a aza roba mai faɗi a ƙarƙashi. Ƙafar tana da noti biyu, na ƙasa da na sama. A fara kwance na ƙasa, sannan na sama don iska ta shiga man ya sauko duka. Wurin ɗura sabo kuma ta ramin ƙasa ake turawa har sai ya ɓullo ta na sama, a rufe na sama tukuna, sannan a yi maza a rufe na ƙasa. Wanda ya zuba ta sama iska za ta tare shi, ya ɗauka ya cika alhali rabi ya zuba. Ƴan zobban da ke ƙarƙashin notunan su ma a sake su in sun tsufa, don ta nan ruwa ke satar hanya.

A nan ne muke so masu jirage su saurare mu da kyau, domin tara man nan a roba su yake fara amfana kafin kowa. Baƙin mai labari yake ɗauke da shi daga cikin inji. In man giya ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga ke nan, kuma sau da yawa zaren kamun kifi ne ya nannaɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Gyaran ƴar roba ce yau, in an bari sai giyar duka ta tafi. Notin ƙasa a injuna da yawa yana da maganaɗisu a bakinsa: in ƙura ce mai laushi ta manne masa, cin yau da gobe ne, amma in ɓarɓashin ƙarfe ne da ake ji a yatsa, haƙoran giya sun fara karyewa. Man cikin inji kuma, in abin da ya fito bai kai abin da aka zuba ba sosai, injin na ƙona mai ko yana yoyo. In ya fi abin da aka zuba, ya tsinke, yana warin esansi ko gazuwal, to man tafiya ne ke zurarewa cikinsa. Duk wannan da ido da hanci ake ganewa, ba a biyan ko dala. Wanda ya saki mansa cikin gulbi tamkar wanda aka aiko wa wasiƙa ne ya yaga bai karanta ba.

Kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan inji ya mutu a tsakiyar ruwa lokacin cika. Jirgi mai lodi har baki, in ya rasa inji, ruwa ke juya shi ya ba igiyar ruwa gefe, sanda ba ta taɓa ƙasa, filafili biyu ba su iya tan-tan na kaya. Kayan fiton nan ba su da inshora, in sun nutse sun nutse, balle a zo maganar rayuka. Shi ya sa muke cewa Hajiyar da ta tambayi mai jirgi yaushe rabonsa da juye ba shisshigi ta yi ba, jarinta take tsaro.

Yanzu mu zo ga ruwan kansa. Amsar da aka fi ba mutum in ya yi magana ita ce, gulbi babba ne, lita biyu me za ta yi masa? Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye guda na mota ɗaya na iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha, wato sama da lita miliyan 3 da rabi. Dalili shi ne mai ba ya narkewa cikin ruwa ya ɓace. Yana bajewa a sama ya yi ƴar fata siririya mai launin bakan gizo, wadda ke rage iskar da ke shiga ruwa, ta manne wa ciyawa da ƙwan kifi da ƙananan ƙwarin da kifi ke ci. Sauran kuma ya kama laka ya kwanta ƙasa, inda tarwaɗa da kurungu ke kiwo. Ga shi tsohon mai ya fi sabo dafi nesa ba kusa ba, saboda ya kwashi gurɓin ƙarafan da inji ya ci da guban da wuta ta haifar a ciki. Kifin da ya zauna a irin wannan ruwa namansa na ɗaukar wari, kuma ba suya ba banda da ke fidda shi. Mai sayar da soyayyen kifi ta san mai saye ba ya komowa sau biyu kan kifi mai warin mai.

Bugu da ƙari, masu cewa gulbi babba ne suna magana kamar a tsakiyar ruwa ake zubarwa. A tasha ake zubarwa, a gefe, inda ruwa ke kwance ba ya gudu sosai, don dama irin wurin ake zaɓa a ɗaure jirgi. Nan ɗin dai mata ke wanki da wanke-wanke, nan yara ke iyo, nan ake wanke kifi da kayan gadina kafin a kai kasuwa, nan dabbobi ke sha. Gulbin ma ba kullum yake babba ba. A watannin Mayu da Yuni yakan janye har tsibiran yashi su fito, kuma manya ba su manta da shekarar 1985 ba, lokacin da ya tsaya cak a Yamai mutane suka ƙetare shi da ƙafa. Ruwan famfon da babban birni ke sha daga wannan gulbi ake jawo shi a Gudel a tace. Wanda ya kifar da mansa a yashin gaɓa da rani shi ma bai tsira da komai ba, ajiya ya yi wa damina: ruwa na cika zai hau wurin ya kwashe.

Akwai wata dabara da ya kamata a daina, ta watsa Omo a kan man da ke yawo a ruwa. Ido zai ga ya ɓace, amma sabulun farfasa shi kawai yake yi ya nutsar da shi inda kifi yake, an haɗa guba biyu ke nan. In mai ya zube a ƙasan jirgi, garin katako ko ɓuntun shinkafa ko tsumma su ne maganinsa: a barbaɗa, ya tsotse, a kwashe a fitar tudu.

Iyayenmu mata, ga inda maganar ta shigo rumfarku kai tsaye, wato jarka. A ƙasar nan jarka ba ta mutuwa. Ta man inji mai lita 4 ko 5 tana da ƙwari, tana da marfi mai kyau, shi ya sa ake wanke ta a sa ruwa, a sa man gyaɗa, a sa kunun zaƙi ko fura a tafi gona. Roba na shan mai, kuma wanki da toka ko Omo wari kawai yake ragewa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar man inji, sabo ko tsoho, ta gama da abinci har abada. Muna roƙon masu sayar da tsofaffin jarkoki su ware su, masu man gyaɗa kuma su ƙi auna wa kowa a cikinsu ko da zai yi fushi. Abin da ya dace da ita shi ne ta koma aikinta: a ɗaura mata baƙin ƙyalle ko a shafa mata fenti a wuya, ta zama ta tara baƙin mai.

Haka nan masu shafa baƙin mai a gyambon jaki ko ƙazuwar raƙumi da awaki, da masu zuba shi a masai wai don kashe wari da sauro. Dabba na lasar jikinta, mu kuma mu sha nononta mu ci namanta. Masai kuma ƙasa ɗaya yake da rijiya. Su kansu yaran jirgi da na gareji da ke wuni hannu dumu-dumu, ya kamata iyayen gidansu su sani cewa kamfanonin da ke yin injunan da mayukan sun rubuta gargaɗi a takardunsu: gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna yawan taɓa tsohon mai na kawo ciwon daji na fata. Ruwa da sabulu ake wanke hannu da su, ba esansi ba, don esansi ƙara buɗe masa fata yake yi.

Wani zai ce to ina hukuma? Doka dai akwai ta. Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 duk sun sa tsohon man inji cikin jerin shara mai haɗari. Ƙasarmu na da doka mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998 kan kula da muhalli, ga kuma dokar ruwa ta 2010. Hukumar kwarin kogin Isa, wadda aka kafa a 1980 mai ƙasashe 9, hedkwatarta a nan Yamai take. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ba gwamnatin da za ta iya tsayar da ma'aikacin gandun daji a gindin kowane kwale-kwale da asuba. In ma aka ce a bi ta hanyar tara, mun san yadda abin ke ƙarewa: a ƙara wa talaka wani shingen karɓar na goro, shi kuma ya koma yin juyensa da dare a bayan tsibiri. Mu a ganinmu wannan gyara a hannun masu ciniki yake, don su ne ke da abin da mai jirgi ke so.

Mai sayar da man inji a bakin tasha shi ne na farko. Shi ya san wanda ya sayi lita nawa, ya san ranar da zai dawo. Ya aje tano guda mai marfi da mazurari, ya ce duk wanda ya kawo tsohon mansa za a rage masa wani abu a kan sabo. Ba sadaka zai yi ba, domin baƙin mai kaya ne mai kasuwa: masu buga bulo na shafa shi a ma'auninsu, kafintoci da masu rufin ɗaki na shafa wa katako don gara. Waɗannan ba su ne mafi kyawun makomarsa ba, amma sun fi gulbi sau dubu. A ƙasashen da ke da masana'antar sake tace shi, lita 4 ta baƙin mai na ba da wajen lita 2 da rabi ta sabon man inji. Masana'antun siminti a ƙasashe da yawa kuma suna ƙona shi a murhunsu mai zafin da ya haura digiri 1,400, inda gubar ke ƙonewa, ba kamar wutar gidan burodi ko ta maƙera ba da ke tura hayaƙin cikin unguwa. Muna da masana'antar siminti a Malbaza, kan babbar hanya. Ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa da magadan gari na bakin gulbi su tuntuɓe ta su ji ko za ta iya karɓa. Amma ba mai aiko mota don lita 3. Sai an tara tano-tano tukuna ake samun mai saye na kirki, kuma sai man ya kasance shi kaɗai, ba a haɗa shi da ruwa ko esansi ko ruwan batir ba, don gauraye na kashe masa daraja, esansi kuma na iya tada gobara.

Sai dai a nan akwai tarko, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Inda duk aka tara baƙin mai, masu son banza na nan kusa, waɗanda ke tace shi da ƙyalle, su bar shi ya kwanta, su ɗura a jarkar kamfani su sayar a matsayin sabo. Irin wannan mai ya riga ya mutu, tacewa da ƙyalle ba ta mayar masa da ƙarfinsa, kuma shi ke kashe inji a tsakiyar ruwa. Saboda haka tanon tasha ya kasance a idon sarkin jirgi da shugabannin ƴan fito, a san wa aka sayar wa, a san me zai yi da shi. Mai jirgi kuma ya duba hatimin marfi kafin ya biya, ya yi hattara da man awo mai arha fiye da kima.

Na biyu su ne masu lodi. Alhajin da ke cika jirgi biyu ko uku duk mako, da ƙungiyar mata masu sarin kifi ko gari, maganarsu ta fi ta kowane jami'i nauyi a tasha, don kuɗin fito a hannunsu yake. Kafin a aza buhun farko, a leƙa ƙasan jirgin. In baƙin mai na yawo a kan ruwan ciki, a ce sai an share an shimfiɗa katako, ko a nemi wani jirgin. In mai jirgi ya rasa lodi sau biyu saboda haka, ranar ta uku da jarkarsa zai zo.

Ba mu ce wannan zai wanke gulbi tas ba. Inji mai bugu biyu, ko an yi masa me, yana fitar da wani kaso na mai da esansin da bai ƙone ba ta bututun hayaƙinsa da ke cikin ruwa, kuma ba za mu ce wa ɗan fito ya yar da injin da yake ci da shi ya sayi mai bugu huɗu da ya fi tsada ba. Abin da zai iya dai shi ne ya daina zuba mai da ka, ya auna, don masu ƙara mai fiye da ƙa'ida wai don inji ya ji daɗi buji kawai suke kashewa suna ƙara hayaƙi. Ga kuma ledoji da ruwan kwatoci da na marina da ke gangarawa gulbin, waɗanda maganarsu daban ce. Amma man juye ya bambanta da su duka ta fuska ɗaya: a rana sananniya yake fitowa, a wuri ɗaya, a hannun mutum ɗaya, kuma jarka guda ta ishe shi.

Ku kuma na nesa da gulbi, injin ban ruwan da ke gadinar albasa a Galmi, da na bakin tafkin Madarunfa da Tabalak da Gidimuni, da injin niƙan da ke bayan kasuwa, da janareton shago, duk juye ake yi musu, kuma galibi a gindinsu ake kifar da man. Injin ban ruwa a bakin rijiya yake zaune. Gulbi ko ba komai yana gudu, tafki da rijiyar gadina kuwa abin da aka zuba musu yana nan tare da su. Tanon tara man, a tasha ne ko a gadina, a aza shi kan daɓen siminti ko faifan ƙarfe, a inuwa, da marfi a rufe don ruwan sama, sama da inda cikar bara ta tsaya, kuma nesa da masu tuya.